Amurka: Shin Yunwa Ma Tana da Wa'adi?

Ranar 22 ga watan Agustan 1996, saura wata biyu da 'yan kwanaki a yi zaɓe, Shugaba Bill Clinton na Amurka ya rattaba hannu a kan wata doka wadda ta ce babu magidanci ko uwar 'ya'ya da za a ba tallafin kuɗi daga aljihun gwamnatin tarayya fiye da wata 60 a duk tsawon rayuwa. Shekara biyar ke nan, ko a jere ko a rarrabe. In sun cika sun cika, ko akwai aiki a gari ko babu, ko yara sun tasa ko suna goye. Manyan jami'ai uku na ma'aikatar lafiya da jin daɗin jama'a, wato Peter Edelman da Mary Jo Bane da Wendell Primus, sun ajiye aikinsu saboda wannan doka, alhali kuwa Edelman tsohon aminin iyalin Clinton ne. Sanata Daniel Patrick Moynihan, wanda ɗan jam'iyyar Clinton ne shi ma, tun kafin a kai ga sa hannu ya riƙa gargaɗin cewa za a wayi gari a ga yara suna kwana a bakin titi.

Gardamar da aka yi a wancan lokaci ba ta mutu ba. Duk inda gwamnati ke ba marasa aiki ko matalauta wani abu, sai ka ji an taso da ita: har zuwa yaushe za a riƙa ba su? Ba sangarta su ake yi ba? To, Amurka ta riga ta gwada amsar da masu wannan tambaya ke so, ta kuma daɗe tana gwadawa har an ga abin da gwajin ya haifa. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san yadda aka yi, don kada a zo masa da tsohuwar hujja cikin sabuwar riga.

Da farko dai akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma dukkansu a doka ɗaya aka haife su, dokar 1935 ta zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, bayan karyewar tattalin arziki ta 1929 wadda ta kai a 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba shi da shi. Na ɗaya shi ne inshorar rashin aiki. Kamfanoni ke biyan haraji a kan kowane ma'aikaci, in an sallame shi ba da laifinsa ba sai a riƙa ba shi wani kaso na albashinsa, galibi bai kai rabi ba, har tsawon mako 26 a yawancin jihohi. Na biyu shi ne tallafin yaran da ba su da mai ciyar da su, wanda aka fara musamman don 'ya'yan matan da mazansu suka mutu, daga baya ya zama shirin da ake kira AFDC. Wannan na biyun ba shi da wa'adi. Muddin akwai yaro a gida kuma talauci ya tabbata, haƙƙi ne da doka ta wajabta a biya. A 1994 masu cin wannan tallafi sun kai mutum miliyan 14 a iyalai kimanin miliyan 5, kuma kashi biyu cikin uku na waɗannan mutane yara ne ƙanana. Mai karatu ya riƙe wannan adadi na yara, domin duk lokacin da aka ce za a hori malalata, su ne ke kwana da yunwar.

Masu neman a sa wa'adi sun daɗe suna share fage. Tun a yaƙin neman zaɓen 1976 Ronald Reagan ke yawo gari gari da labarin wata mata a Shikago mai sunaye 80 da adireshi 30, wadda ke kwasar kuɗin tallafi. Matar dai akwai ta, kuma gawurtacciyar 'yar damfara ce, amma sai aka ɗauki hotonta aka liƙa wa miliyoyin mata, musamman baƙaƙen fata, waɗanda abin da suke karɓa ko kuɗin haya ba ya isa. A 1984 Charles Murray ya fito da littafinsa Losing Ground, inda ya yi da'awar cewa tallafin ne da kansa ke haifar da talauci, wai yana hana aure yana hana neman na kai. A yi masu adalci, tsohon tsarin yana da aibi na gaske. Matar da ta samu ɗan aiki sai a zabge mata tallafi kusan daidai da abin da ta samu, ta kuma iya rasa katin asibitin 'ya'yanta, har ya zama zaman gida ya fi mata fita. Wannan kuwa laifin masu tsara doka ne, kuma gyaransa a fili yake. Amma maimakon a gyara taikin sai aka koma dukan jakin da ke ɗauke da shi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne asalin shawarar wa'adin daga wajen masu tausayin talaka ta fito, kuma da sharaɗi ta zo. Wasu malamai biyu na Jami'ar Harvard, David Ellwood da ita Mary Jo Bane ɗin da ta ajiye aiki daga baya, sun bi diddigin masu karɓar tallafi shekara da shekaru. Suka gano cewa da yawan masu shiga ba sa daɗewa, cikin shekara biyu sun fita, ko da yake wasu kan dawo in aiki ya kuɓuce. Amma in aka leƙa rajista a kowace rana sai a ga masu daɗewa sun fi yawa. Misalin asibiti ne: masu zazzaɓi suna shiga suna fita kullum, amma wanda ya zagaya ɗakin kwanciya zai tarar gadaje da yawa masu doguwar jinya ne ke kansu, sai ya zaci kowa haka yake. A littafinsa na 1988, Ellwood ya ce a sa wa tallafin kuɗi iyaka, amma duk wanda iyakar ta cim masa bai samu aiki ba, gwamnati ta ba shi aiki da albashi. Kan wannan aka gina ƙudurin da Clinton ya kai majalisa a 1994: shekara biyu na tallafi da horo, sannan aiki, ko a kamfani ko wanda gwamnati za ta biya.

Sai zaɓen Nuwamban 1994 ya ba jam'iyyar Rifablikan rinjaye a majalisun biyu, Newt Gingrich ya zama kakakin majalisar wakilai. Samar wa mutane aiki yana cin kuɗi fiye da aika masu da 'yar takardar kuɗi a wata, saboda haka sai aka riƙe wa'adin aka yar da alkawarin aikin. Sau biyu Clinton yana ƙin sa hannu. A karo na uku, da ya ga zaɓe ya ƙarato, ya sa. Shirin AFDC ya mutu, aka haifi TANF, wanda kalmar farko ta sunansa ma "na wucin gadi" take nufi. An bar wa jihohi damar yafe wa kashi 20 cikin 100 na masu karɓa wannan wa'adi in akwai tsananin larura, aka kuma ba su damar rage shi ƙasa da shekara biyar in sun ga dama. Sun kuwa ga dama.

Shekarun farko sun yi wa masu dokar daɗi. Iyalai masu karɓa sun ragu daga sama da miliyan 4 a 1996 zuwa miliyan 2 da ɗoriya a 2000. Matan da ke riƙe da 'ya'ya su kaɗai sun shiga aiki da yawan gaske, talaucin yara baƙaƙe ya sauka ƙasa fiye da yadda aka taɓa gani kafin nan. Ba a ga garken yaran da Moynihan ya yi hasashe a bakin titi ba, kuma an yi ta yi masa dariya. Sai dai wane irin zamani ne wancan? Zamani ne da rashin aiki ya sauka zuwa kashi 4 cikin 100 a shekarar 2000, kantuna da gidajen abinci suna roƙon ma'aikata. Kuma tun a 1993 aka faɗaɗa wani rangwamen haraji da ke ƙara wa mai ƙaramin albashi kuɗi a ƙarshen shekara, wanda ya sa fita aiki ta fara biyan bukata. Matan ma tun kafin dokar suka fara tururuwar shiga aiki. Wanda ya yi shuka a shekarar da damina ta yi albarka ba zai zo ya ce bulalar da ya yi wa 'yan ƙodago ce ta cika rumbu ba.

Ranar gwaji ta zo a 2008. Bankunan da suka yi caca da bashin gidaje suka durƙushe, majalisa ta ware dala biliyan 700 a watan Oktoba don a tallafe su, ba wanda ya tambaye su ko sangarta ce. Rashin aiki ya ninka ya kai kashi 10 cikin 100 a Oktoban 2009. Masu karɓar tallafin abinci, wanda shi yana bin bukata ne, suka tashi daga miliyan 26 a 2007 zuwa sama da miliyan 47 a 2013. To shi TANF fa, wanda aka yi don iyalai mafi talauci? Da ƙyar ya motsa, a wasu jihohin ma raguwa ya yi ana tsakiyar masifar. Wata cibiyar nazarin kasafin kuɗi da ke Washinton ta lissafa cewa a 1996, cikin kowane iyalai 100 matalauta masu yara, 68 suna samun tallafin kuɗi. A 2020 sun koma 21. Sauran 79 ɗin ba arziki suka yi ba, da talaucinsu aka ƙirga su. Rajistar ce kawai aka share, sannan 'yan siyasa suka ɗaga ta sama suna nuna wa jama'a wai ga nasara.

Ina kuɗin suka tafi? Nan ne maganar take da ɗaci. Dokar ta yanka wa jihohi dunƙulen kuɗi, dala biliyan 16.5 a shekara, kuma tun 1996 ba a ƙara ko sisi ba, har tsadar kaya ta cinye kusan rabin darajarsa. Sannan ta ce duk abin da jiha ba ta ba talaka a hannu ba, tana iya kashe shi a kan wasu manufofi masu faɗi, irin su ƙarfafa aure da hana haihuwa a waje. Ma'ana, duk iyalin da aka kora riba ce ga baitulmalin jiha. Mai raba abinci aka ce masa abin da ya rage a tukunya nasa ne, wa zai yi mamaki in ludayinsa ya ƙanƙance? A shekarun 2020 zuwa 2022 ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shirin ne ya isa hannun iyalai a matsayin tallafin kuɗi.

Jihar Misisifi, wadda tana cikin mafi talauci a Amurka, ita ta nuna ƙarshen wannan hanya. Shekara da shekaru iyali mai mutum uku dala 170 yake samu a wata, sai a 2021 aka ɗaga zuwa 260. A 2016, cikin waɗanda suka nemi tallafin ko kashi 2 cikin 100 ba a amince wa ba. A 2020 mai binciken kuɗi na jihar ya bankaɗo cewa an karkatar da miliyoyi, bincike na gaba ya sa adadin a kan dala miliyan 77. Dala miliyan 5 daga ciki ɗakin wasan ƙwallon raga aka gina da su a wata jami'ar jihar. Tsohon shugaban hukumar jin daɗin jama'a ta jihar, John Davis, ya amsa laifinsa a gaban kotu a 2022. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. An yi shekara 20 ana yi wa uwar marayu ƙididdigar watanni don kada ta ci banza, ashe masu cin banzar suna zaune a ofis da alƙalamin ƙididdigar a hannunsu.

Jihar Arizona kuwa ta yi ta rage wa'adin, daga wata 60 zuwa 36, zuwa 24, har a 2016 ta mai da shi wata 12 a duk rayuwa, daga baya ta ɗan sassauta wa masu cika wasu sharuɗɗa. Kowane ragi a lokacin da kasafin kuɗin jihar ya samu giɓi aka yi shi, wanda ya nuna lissafin aljihun gwamnati ake bi, ba wani ilmi da ya nuna shekara guda ta isa mutum ya tsaya da ƙafarsa. Kuma su wa wa'adi ke cim ma? Mai lafiya mai ɗan ilmi ta daɗe da samun aiki ta tafi. Wadda ke nan har ƙarshe ita ce mai ciwo, ko mai jinyar yaro naƙasasshe, ko wadda ba ta gama makaranta ba, ko mai zama a ƙauyen da masana'antarsa ɗaya ta rufe. Wa'adi bai san fuskar kowa ba, kalanda kawai yake karantawa, saboda haka ya fi faɗawa kan wanda ya fi rauni.

Inshorar rashin aiki ita ma tana da wa'adi, amma tarihinta ya koyar da wani abu daban. Duk lokacin da kasuwa ta mutu majalisa kan tsawaita makonnin, ta yadda daga ƙarshen 2009 a jihohin da abin ya fi tsanani mutum na iya karɓa har mako 99. An yi ta kururuwa cewa ana biyan mutane don su zauna a gida. Alhali a tsakiyar 2009 masu neman aiki fiye da 6 ne ke layi a kan kowane gurbi ɗaya. Ko da an yanke wa dukkansu tallafi rana ɗaya, biyar daga cikin shida za su koma gida hannu rabbana, domin yunwarsu ba za ta ƙirƙiro gurbi ba. Masanin tattalin arziki Jesse Rothstein ya auna a 2011, ya samu cewa tsawaitawar ta ƙara adadin rashin aiki da abin da bai wuce rabin ɗigo ɗaya cikin 100 ba, kuma babban ɓangare na wannan ƙarin mutane ne da tallafin ya sa suka ci gaba da neman aiki maimakon su fid da rai su fice daga lissafi. Duk da haka a ƙarshen Disamban 2013 majalisa ta bar shirin ya mutu, mutum miliyan 1.3 suka rasa tallafi a mako guda, ana cikin hunturu.

An sake gwadawa a 2021. Bayan annobar korona gwamnatin tarayya tana ƙara wa marasa aiki dala 300 a mako, sai gwamnonin kimanin rabin jihohi suka yanke tun watannin Yuni da Yuli, wai don mutane su koma aiki, sauran jihohi suka bari sai Satumba. Wannan ya ba masana damar kwatanta ɓangarorin biyu. Wani nazari da ya bi asusun bankin ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi ya samu cewa cikin kowane mutum 8 da aka yanke wa tallafi, kusan mutum 1 ne ya samu aiki a dalilin haka zuwa watan Agusta. Sauran bakwai cefane suka rage. Babu mai musun cewa akwai wanda tallafi kan sa ya yi jinkiri, ɗan Adam ne. Amma a hana bakwai abinci don a zaburar da ɗaya, wannan wane irin hisabi ne?

Malaman fiƙihu sun riga Turawa tattauna wannan mas'ala a babin zakka, kuma yadda suka ɗauke ta abin dubawa ne. Ya zo a hadisi cewa mawadaci da ƙaƙƙarfa mai iya nema ba su da rabo, don haka ba su yarda da zaman kashe wando ba. Amma Imamun Nawawi ya bayyana cewa ƙaƙƙarfan da bai samu wanda zai ba shi aiki ba, hukuncinsa hukuncin gajiyayye ne, ya halatta a ba shi. Malikawa suka ce a ba fakiri abin da zai ishe shi shekara, domin zakka duk shekara take zagayowa, in shekara ta cika yana nan a halinsa a sake ba shi. Shafi'awa suka zarce, suka ce mai sana'a a saya masa kayan sana'arsa komai tsadarsu, ɗan kasuwa a ba shi jari, wanda ba ya iya komai a mallaka masa abin da zai riƙa ci daga amfaninsa har ƙarshen rayuwa. Shekarar Malikawa ranar sake duba hali ce, kuma kayan aikin Shafi'awa su ne dai alkawarin aikin nan da majalisar Amurka ta yar a 1996. A duka mazhabobin biyu abin da ke yanke tallafi shi ne gushewar bukata. Wa'adi in za a sa shi, wuyan hukuma ya dace da shi: a ce mata cikin wata kaza dole ta samar wa wannan bawan Allah horo ko jari ko aiki, in ya ƙi bayan an ba shi, sannan a yi maganar yankewa.

Amurka dai ba ta nufi nan ba, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ita dokar 1996 ɗin ta kuma sa wa tallafin abinci iyaka ga baligi mai lafiya da ba shi da yara: wata 3 kacal cikin kowace shekara 3, sai in yana aikin awa 20 a mako ko yana cikin horo. Da farko masu shekara 18 zuwa 49 ta shafa. A 2023 aka ɗaga zuwa 54. Ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan dokar da ta kai shi 64, ta haɗa da iyayen da ƙaramin ɗansu ya kai shekara 14, ta kuma cire sassaucin da aka yi wa tsofaffin sojoji da marasa matsuguni. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya ƙiyasta cewa hakan zai fitar da mutum kimanin miliyan 2.4 daga tallafin abinci. Dattijo ɗan shekara 62 da masana'anta ta sallama, wanda ba kamfanin da ke marmarin ɗaukarsa, wata 3 aka ba shi. A cikin wannan doka ɗin dai, rangwamen harajin 2017 da wa'adinsa zai cika a ƙarshen 2025 aka mai da shi na dindindin, aka kuma ɗaga dukiyar gadon da ba a biya wa haraji zuwa dala miliyan 15 ga mutum ɗaya, ita ma ba tare da an sa mata ranar ƙarewa ba.